Ɗana ya ce sai babur marar birki, ku ba ni shawara

Baban Amir: Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe a zauren nan ina karanta na wasu ban ce uffan ba, yau dai damuwa ta koro ni. Waɗanda suka san ni sun san shekara 12 ke nan ina zaune a yammacin Foland da iyalina. Amir ya cika 10 watan jiya. Tun bara da kawunsa ya kai shi kallon tseren baburan nan da mutanen nan ke kira zhuzhel, Turawan Ingila kuma su ce sifidwe, yaron nan bai sake barinmu mun huta ba. Kekensa ma ya kwance wa birki, sai da na tsawata.

Ga wanda bai taɓa gani ba: fili ne mai siffar ƙwai, an shimfiɗa masa jar ƙasa mai tsakuwa. Mutum huɗu ke tashi a zubi ɗaya, kewaye huɗu, duk a hagu ake shan kwana, cikin kamar minti ɗaya an gama. Na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Babur ɗin manya 500cc ne, giya ɗaya, metanol yake sha ba fetur ba, kuma ba shi da birki ko na rantsuwa. Kulob ɗin garinmu na da makarantar yara da ɗan ƙaramin fili, kuma kocin ya ce in kawo shi ranar Asabar ya gwada ƙaramin babur. Mahaifiyarsa ta ce ni zan yanke. Ni kuma kaina ya kulle.

Maman Ikram: Wa alaikumus salam. Baban Amir, tun daga "ba shi da birki" na daina karantawa da natsuwa. Shekara 16 ina aikin jinya, bakwai a ciki a sashen ƙashi na yi su. Ka saya masa ƙwallo don Allah.

Na Ƙofar Ruwa: Tabɗijam. Alhaji to da me ake tsayawa? Mu nan ko Jincheng aka kawo min birkinta ya yi sanyi ba na bari mai ita ya tafi.

Ɗalibin Torun: Oga Na Ƙofar Ruwa, sakin totur ake yi, injin da kansa ya ci gudun. A kwana kuma ba rage gudu ake yi ba, tayar baya ake jefarwa gefe babur ya tafi a karkace, ƙafar hagu na share ƙasa. Shi ya sa suke ɗaura wani takalmin ƙarfe a ƙarƙashin takalmin hagu. Akwai kuma igiya a wuyan hannu, in mutum ya faɗi ta fizge, injin ya mutu nan take.

Yaya Baban Amir, shekarata huɗu ina karatu a Torun, nan Foland, kuma na zama ɗan gida a filin Motoarena. In har yaro zai koyi abin nan, ba inda ya kai inda kake. Dokar babban lig ɗinsu, Ekstraliga, ta ware gurbi biyu a kowace ƙungiya na 'yan ƙasa da shekara 21, kuma an yi shekaru ba a saka kowa a ciki sai 'yan Foland. Matasan masu gida su ke sa lamba 14 da 15, na baƙi 6 da 7. Zubi na biyu a kowane wasa nasu ne su kaɗai, bayan haka kuma a haɗa su da manya a sauran zubin. Wato yaro ɗan 17 zai tsaya a layin tashi kafaɗa da kafaɗa da zakaran duniya, gaban dubban mutane, ana haskawa a talabijin. Saboda wannan doka kulob ba shi da zaɓi: ko ya rene yaransa, ko ya zuba kuɗi ya sayo na wani. Ka duba gasar duniya ta 'yan ƙasa da 21: Maciej Janowski 2011, Patryk Dudek 2013, Piotr Pawlicki 2014, Bartosz Zmarzlik 2015, Maksym Drabik 2017 da 2019, Bartosz Smektała 2018, Jakub Miśkowiak 2021, Mateusz Cierniak 2022 da 2023, Wiktor Przyjemski 2024. Duk 'yan Foland. Wannan ba sa'a ba ce.

Kawu Manchesta: Ɗalibi ƙanena, ka iya lissafi, Allah Ya ƙara basira. Amma ka lissafo waɗanda suka haye ne, ba ka lissafo waɗanda ruwa ya ci ba. Bari Baban Amir ya faɗa maka da bakinsa, na san a garinsu ba za a rasa ɗaya ba.

Baban Amir: Kawu kamar ka shiga zuciyata. Abin da ya sa na kasa cewa to ke nan, ba ma faɗuwar ba.

Maƙwabcina na ƙasa yana da ɗa. Lokacin da muka tare a gidan yaron yana 15, kullum ubansa na loda babura a wata tsohuwar motar kaya tun da asuba. Ya sami lasisi, ya shiga ƙungiya, shekara biyar yana riƙe da gurbin matasa. A lokacin in ya shiga kantin unguwa sai yara sun tsayar da shi a yi hoto. Wani mai sayar da tagogi ya liƙa sunan kamfaninsa a rigarsa, wani ya ba shi mota ya riƙa hawa. Makinsa ba yawa, yau 3 gobe 4, amma ba wanda ya damu, tunda da sa'o'insa ake auna shi. Shekarar da ya cika 21 ita ce ta ƙarshe a gurbin. Da kaka ta ƙare, kulob ɗin, ba zan kama suna ba, ko waya ba su yi masa ba. A jarida ya ga sun ɗauko wani ɗan 16. Yanzu in yana son gurbi sai ya ture babban ɗan tsere ɗan Denmak ko Ostiraliya mai kawo maki 9 ko 10. Ya sauka ƙaramin lig kaka ɗaya, kuɗin bai riƙe gyaran inji ba, ya haƙura.

Makon jiya na sauka garejinsu aron abin busa taya. Babura biyu na jingine a bango an lulluɓe su da tamfol, takalmin ƙarfen na rataye a ƙusa ya fara tsatsa. Uban ya ɗaga tamfol ɗin ya nuna min, ya ce in Amir na so zai yi min sauƙi. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Yaron yanzu fale-falen bene yake shimfiɗawa a gidajen mutane, makarantar sakandare ma da ƙyar ya ƙarasa saboda yawon tsere.

Ɗalibin Torun: Yaya, wannan matsalar sun san da ita. Shi ya sa tun 2021 aka wajabta wa kowace ƙungiyar Ekstraliga saka ɗan ƙasa da 24 guda ɗaya cikin manya, a 2022 kuma aka buɗe lig na daban na 'yan ƙasa da 24.

Kawu Manchesta: Gurbi ɗaya fa, ƙanena. Kuma ba a ce sai ɗan Foland ba, baƙo ma na iya cike shi. Ƙungiya takwas ce a lig ɗin, kujera takwas ke nan, alhali 16 ne ke zaune a gurbin matasa a kowane lokaci. Ramin dai aka matsar gaba da shekara uku, ba a cike shi ba.

Ni abin da ke ba ni haushi, wasan nan ba na yara ba ne. Tomasz Gollob, wanda duk Foland ke ji da shi, sai da ya kai 39 ya ci kambun duniya a 2010. Jason Doyle na Ostiraliya yana 32 ya ci a 2017, kuma a shekarunsa na 21 ba wanda ke ambatonsa cikin manya. Greg Hancock na Amurka ya ci na huɗunsa a 2016 yana da shekara 46. Karanta fili, sanin inda ƙasa ta taru tayar za ta kama, sanin haƙoran sarka nawa za ka saka in an yayyafa ruwa, duk sai an daɗe ana shan ƙura. Sai ka tsara abu yadda za a yanke wa mutum hukunci yana 21?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni ban san wannan wasa na moto ba, amma labarin maƙwabcin Baban Amir na san shi sarai. A wajenmu wurin sukuwar dawaki yara ƙanana ake ɗorawa saboda ba su da nauyi. Mai doki ya riƙa ji da yaro, ya ɗinka masa kaya, ya ba shi na kashewa. Ranar da ƙashinsa ya yi nauyi sai a sauke shi a ɗora ƙanensa. Ba ƙiyayya ba ce, doki ne ba ya son nauyi. Abin tambaya kawai, me aka koya wa yaron da zai ci abinci da shi bayan an sauke shi.

Baban Amir: Malam, ka faɗi abin da na kasa faɗa.

Na Ƙofar Ruwa: Ni tambayata ta sana'a ce. Babur ɗin na kulob ne ko na mutum? Wa ke biyan gyara?

Ɗalibin Torun: A makarantar yara yawanci kulob ke ba da aron babur da farko. Amma da zarar yaro ya fara gasa da gaske, kowa nasa yake nema, domin na aro kowa ya hau. Babban ɗan tsere kuwa kamar ɗan kasuwa ne mai zaman kansa: baburansa, motarsa, makanikansa, shi ke biya. Kulob na ba shi kuɗin sa hannu, sannan a biya shi bisa kowane maki da ya kawo. Injin kusan kowa GM ne na Italiya, sai Jawa na ƙasar Cek. Kuma ba a hawa yadda ya fito daga kamfani, sai an kai wa masu gyara na musamman sun taɓa shi, bayan 'yan wasanni kaɗan a sake mayar musu. Tayar baya wasa ɗaya take yi, a ci gefe ɗaya a juya a ci ɗayan. Faifan kuloci ma kullum cikin sauyawa ake, tunda rabin tseren a tashi ake cin sa.

Na Ƙofar Ruwa: Taya a wasa ɗaya! To ai Alhaji ba ɗan tsere za ka rena ba, rijiya za ka haƙa a tsakar gida ka riƙa zuba albashi. Amma wallahi in yaron zai zauna gefen masu gyaran nan ya koyi buɗe inji, wannan kam sana'a ce da ba ta da shekara 21.

Maman Ikram: Kuna ta maganar kuɗi da gurbi, ba wanda ya koma kan maganata. Ɗalibi, tunda kai ne mai lissafi, lissafo min waɗanda ke kan keken guragu.

Ɗalibin Torun: Anti, ba zan ɓoye ba. Darcy Ward na Ostiraliya, wanda ya ci gasar 'yan ƙasa da 21 sau biyu, 2009 da 2010, kuma ya yi wa ƙungiyar Torun tsere shekaru, ya faɗi a Zielona Góra a watan Agustan 2015 yana da shekara 23, lakarsa ta taɓu, bai sake takawa ba. Har yau in aka ambace shi a nan sai ka ga fuskar mutane ta sauya. Lee Richardson ɗan Ingila ya rasu bayan hatsari a Wrocław a watan Mayun 2012. Erik Gundersen na Denmak, mai kambun duniya uku, hatsarin Bradford a 1989 ne ya kawo ƙarshen tserensa. Gollob ma yana kan keke tun 2017, ko da yake shi a atisayen babur ɗin tsallake-tsallake ya samu nasa, ba a fili mai zagaye ba. Abin da zan ƙara kawai, yanzu ana jera katangar iska a kwanoni, kamar katifa, ta rage ɓarna sosai. Kuma yara ba a kan 500cc suke farawa ba.

Maman Ikram: Ta rage, ba ta hana ba. Na gode da ka faɗi gaskiya. Baban Amir, ni uwa ce, ba zan ce maka kai shi ba. Amma na san yaran yanzu, in ka hana shi a fili zai yi a bayan gida da keken da ya cire wa birki. In har ka kai shi, hular kwano sabuwa ka saya, kar ka karɓi ta gwanjo ko ta maƙwabcin nan, domin hular da ta taɓa buguwa ta gama aiki ko ba a ga tsaga ba. A sa masa abin kare ƙashin baya da na wuya. Kuma duk ranar da ya bugu a ka, ko ya miƙe yana dariya, ba shi ba babur sai likita ya gan shi. Koci ba likita ba ne, kar ya ce maka "ai ya warware".

Kawu Manchesta: Hajiya, wannan ta ƙarshen a rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Bari in ba ku labarin namu ɓangaren, don kar Ɗalibi ya ɗauka ina kushe Foland ne don son kai. Mu nan Ingila namu ya fi muni ta wata fuskar. Shekara 20 ina zuwa kallon Belle Vue, ƙungiyar Manchesta, tun suna tsohon filin tseren karnuka kafin a buɗe sabon filin a 2016. A ƙasar nan aka taɓa tara mutum sama da dubu 90 a Wembley a wasan ƙarshe na duniya na 1981. Yau fa? Filin Coventry an rufe bayan kakar 2016. Wolverhampton da Peterborough duk sun rasa filayensu a ƙarshen 2023. Mafi yawan ƙungiyoyin haya suke yi, mai fili ya ce a tashi a tashi. Ga maƙwabta da ƙorafin ƙara, ba dama a buɗe fili kullum yara su yi atisaye. Yaron da ke son koyo sai ubansa ya yi tuƙin awa uku don ya sami kewaye 20.

Dabarun kare matasa kuwa mun gwada. A 2014 aka ware gurabe biyu na ƙasa a babban lig don matasan Birtaniya, 'yan shekaru aka yi aka watsar. A 2021 aka dawo da wani salon, gurbi na tauraro mai tasowa. Akwai kuma lig na uku da aka yi don renon yara, ana shiga tun daga 15. Amma akwai wata doka tamu da ke cin yaro ta baya. Kowane ɗan tsere na da matsakaicin maki, kuma jimillar na mutum bakwai na ƙungiya ba za ta wuce iyakar da aka sa ba. To yaro ya dage ya ƙware, makinsa ya hau, sai kaka mai zuwa manaja ya zauna da biro ya ga lissafi bai shiga ba, ya sallame shi ya ɗauko mai ƙaramin maki. Ka yi ƙoƙari a kore ka saboda ƙoƙarin. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

Ɗalibin Torun: Amma Kawu, duk da haka kun ci gasar ƙasashe a 2021 da 2024, duka a filinku na Manchesta.

Kawu Manchesta: Mun ci, ina wurin a 2021, har muryata ta dushe. Tai Woffinden ya ji rauni a ranar farko, Dan Bewley ya shigo ya haɗu da Robert Lambert, ga Tom Brennan a gurbin matashi. To amma bi su ɗaya bayan ɗaya. Woffinden a Scunthorpe aka haife shi, amma a Perth ta Ostiraliya ya tashi ya koyi hawa, ya dawo mana a shirye. Lambert da Bewley kuwa sai da suka shiga lig ɗin Foland suka zama abin da suka zama. Mu muna haifa, ku kuna yaye.

Bewley ɗin ne ma nake so Baban Amir ya duba. Daga babur ɗin tsallake-tsallake ya fito, sai wajen shekara 16 ya shigo wannan wasa, a ƙaramar ƙungiyar Belle Vue na fara ganinsa a 2016. Shekara shida bayan haka ya ci babbar gasar duniya da aka yi a Cardiff. Don haka duk mai ce maka in Amir bai fara yana 10 ba ya makara, ka ce Kawu ya ce ba haka ba ne.

Ɗalibin Torun: Kawu, mutum ɗaya ba ya zama doka. Zmarzlik a ƙaramin filin Wawrów kusa da Gorzów ya fara yana yaro ƙarami. Yana 17, a 2012, aka ba shi gurbin baƙo a babbar gasar duniya a Gorzów ya zo na uku. Yana 19 ya ci ta. Kambun duniya kuwa 2019, 2020, sannan 2022, 2023, 2024 a jere. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Denmak ma da ba su kai mutum miliyan 6 da rabi ba, da me suke fitar da 'yan tsere haka? Da gasar yara ta ƙananan babura masu 85cc, ƙungiya da ƙungiya, kamar ta manya. Gundersen ɗin da na ambata, bayan ya samu sauƙi koyar da yaran ya koma yi. Hukumar duniya ma ta bi sahu: tun 2022 akwai SGP2 na 'yan ƙasa da 21, SGP3 na masu 250cc 'yan ƙasa da 16, sai SGP4 da aka fara a 2023 da ƙaramin babur mai 190cc wanda Tony Rickardsson na Suwidin, mai kambu shida, ya tsara. Tsani ne, taki bayan taki.

Kawu Manchesta: Ka ce mutum ɗaya ba ya zama doka, sai ka kawo min Zmarzlik. To shi mutum nawa ne?

Na Ƙofar Ruwa: Hahaha, Kawu ya kama ka Ɗalibi.

Ɗalibin Torun: Na karɓa, Kawu. Amma ka yarda tsanin Denmak gaskiya ne.

Kawu Manchesta: Na yarda, kuma shi na fi so. Ka lura da bambancin. Yaron Denmak ba a ajiye masa kujera mai tsoka a gida, lig ɗinsu ba shi da kuɗin na Foland. Yana tasawa sai ya ɗauki jaka, Litinin ko Alhamis yana Ingila, Talata Suwidin, Laraba gida, Lahadi Foland. 'Yan Ostiraliya ma haka, su bar iyayensu suna 17 ko 18 su zo su kwana a ɗakin wani magoyin baya a nan. Ba su taɓa sanin gata ba, don haka ranar da suka cika 22 ba abin da ke sauyawa. Yaron Foland kuwa ƙungiyoyi na rububinsa saboda doka ta sa shi ya yi tsada, ba don ya kai ba. Wani ya gane haka ya yi amfani da shekarun ya ƙware. Wani ya ɗauka kuɗin nasa ne har abada.

Ɗan Damagaram: To ashe gatan ne ke kashe wasu.

Ɗalibin Torun: Malam, in aka cire gatan kuma ƙungiyoyi su cika ko'ina da baƙi, makarantun yara su mutu, tunda ba abin da zai tilasta musu kashe kuɗi a kai. Ai Kawu ya faɗi yadda ta kaya a wajensu.

Kawu Manchesta: Ban ce a cire ba. Cewa nake uba ya san abin da yake saya.

Admin: Jama'a muhawara ta yi daɗi, amma mai tambaya ya yi shiru. Baban Amir, kana nan?

Baban Amir: Ina nan ranka ya daɗe, ina karantawa ina nuna wa mahaifiyarsa. Wani abu da ban faɗa ba: Amir yana da takardar zama ɗan ƙasa ta wajen uwarsa, don haka gurbin nan zai iya shiga in ya kai. Ya kuma tambaye ni ko akwai baƙar fata da ya taɓa yin wasan. Kawunsa ya nuna masa Antonio Lindbäck, wanda aka haifa a Barazil ya tashi a Suwidin, har ya ci manyan gasannin duniya. Tun daga ranar hotonsa ke kan wayar uwarsa. Za mu je Asabar mu gani. Gani dai, ban yi alkawarin komai ba.

Maman Ikram: Allah Ya tsare. Hula sabuwa fa.

Baban Amir: Salam. Na dawo da rahoto kamar yadda Kawu ya nema ta akwatin sirri.

Mun je. Yara tara ne, biyu mata. Awa ɗaya ta farko ko injin ba a tayar ba. Kocin, wani dattijo mai ɗingishi, ya sa su tura babur da hannu su kewaye fili, sannan ya koya musu yadda ake kwantar da shi a ƙasa da gangan in wani ya faɗi a gabanka, tunda ba birki. Sai da kowa ya yi sau biyar. Da aka tayar, ƙamshin man nan ya cika wurin, Amir ya yi kewaye biyu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, a na uku ya ji daɗi ya murɗa, babur ya wuce ya bar shi zaune a ƙasa. Uwarsa ta kama hannuna har farcenta ya shiga. Ya tashi yana karkaɗe wando yana neman inda babur ya yi. Anti, kan bai taɓa ƙasa ba, na duba hular ciki da waje, kuma sabuwa ce.

Na ja kocin gefe na ba shi labarin ɗan maƙwabcina. Ashe shi ya koya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce cikin yaran da ke shigo masa kaɗan ne ke kai wa ga lasisi, masu ci da wasan bayan 21 kuwa bai cika yatsun hannu ba a duk shekarunsa. Na ce to me ya sa yake ci gaba. Ya ce shi hawa yake koyarwa, alkawarin arziki iyaye ne ke yi wa kansu.

Abin da muka tsayar da uwarsa: zai riƙa zuwa Asabar da babur ɗin kulob har ƙarshen kaka. Ba zan sayi na maƙwabci ba. Ranar da sakamakon makaranta ya sauka, babur ya tsaya. Islamiyyarsa ta intanet ta Lahadi ba ta motsi ko da gasa ce. Kuma na roƙi makanikin wurin ya bar shi ya riƙa wanke sarka da kaburata bayan atisaye, ya yarda.

Na Ƙofar Ruwa: Yauwa Alhaji, wannan ta ƙarshen ita ce tawa. In kun zo hutu ka kawo min shi shago sati biyu.

Kawu Manchesta: Ranar da wani mai kamfani ya zo da takarda yana son liƙa suna a rigarsa, ka dawo zauren nan kafin ka sa hannu.

Maman Ikram: Ni har yanzu ƙwallo na fi so. Ka gaida min mahaifiyarsa, ka ce ta yanke farce kafin Asabar.

Na Ƙofar Ruwa: Af, na manta. Don Allah ka ɗauko min hoton takalmin ƙarfen nan ta ƙasa, ina so in ga yadda aka yi waldarsa.